Yadda Chelo Mai Wanki Ta Bi Gida-Gida Tana Ƙaryata Kanta

Duk wanda ya zauna a Santa Rufina ya san gidan wankin Chelo Barragán, nan tsakanin shagon taya da kantin magani. Injuna ne jere a jikin bango, ka zuba kayanka, ka jefa sulalla, ka koma kan benci kana jira. Jiran nan kuwa shi ke kai rabin mutanen, don a kan bencin ake jin wanda ya yi sabuwar mota da wanda matarsa ta watso masa kaya waje. Chelo tana bayan kanta da tabarau rataye a wuya, tana ba da canji, tana tsoma baki a kowace magana ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba.

Ba a cikin daɗi ta tashi ba. Tun tana ƙwaila take bin uwarta tsinkar inabi, daga nan ta shiga rumbun tantance lemo, inda ta yi shekaru a tsaye har jijiyoyin ƙafarta suka fito raɗa-raɗa. A can ta haɗu da Rogelio da ta aura, a can kuma ta haɗu da Ignacia Zamudio, wadda kowa ke kira Nacha. Rogelio ya rasu ya bar mata injuna rabi a mace, ta tashe su ɗaya bayan ɗaya da hannunta. Nacha ce ta riƙe 'yar Chelo ranar baftisma, tun daga ranar suke kiran juna komadre, kuma a wajenmu wannan zumunci ba abin wasa ba ne. Chelo dai mace ce mai zuciya, mai baki, mai son a yaba mata. Na ukun nan shi ya ja mata abin da zan ba ku labari.

Gidan Nacha yana La Loma, gabas da gari, inda bututun hukuma bai kai ba, kowa da rijiyarsa a bayan gida. Sai wani kamfanin ruwan gora ya sayi tsohuwar gonar lemo kusa da su, ya haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfin da ba a taɓa gani ba a kwarin nan. Manyan motoci suka riƙa fita da ruwa safe da yamma. Famfon Nacha ya fara tari, ya koma zubo yashi, wata rana ya yi shiru gaba ɗaya. Daga nan kowace Asabar take zuwa da wankinta da jarkoki, ta cika su a famfon bayan shagon Chelo, su sha kofi, su ci naman mutane, ta koma.

Mutanen La Loma ba su zauna ba. A jiharmu ta California, idan jama'a suka tara isassun sa hannu, sai a sa maganarsu a takardar zaɓe kowa ya ce e ko a'a. Suka yi ta tsayuwa a ƙofar manyan kantuna cikin rana har suka cika adadi, aka sa wa abin suna Ƙudurin R. Abin da ya ce bai da yawa: a hana haƙa sababbin rijiyoyi masu zurfi ga duk mai ɗibar ruwa ya sayar a wajen gunduma. Chelo ma ta sa hannu, a kan bayan motar Nacha.

Wata Talata wani saurayi ya shigo shagon Chelo, rigarsa ta sha guga, ba ko kwandon wanki a hannunsa. Ya ce sunansa Colby, daga wata ƙungiya wai ita Iyalan Kwari Masu Kishin Ruwa. Ya gaishe ta da Sifaniyancin makaranta, Doña sama, Doña ƙasa, ya zagaya injuna yana jinjina kai.

"Doña Chelo, ke kaɗai kika tsayar da wurin nan?"

"Ni da Allah. Rogelio ya ɗan taya mu kafin ya gudu ya bar ni da gyara."

Ya yi dariya daidai gwargwado, sannan ya sassauta murya. Idan Ƙudurin R ya wuce, in ji shi, gunduma na iya buɗe sabon ofishin ruwa, ofishi kuwa sai da haraji, haraji kuwa kan masu shan ruwa da yawa yake fara sauka. "Wa ya fi ki shan ruwa a titin nan, Doña?" Bai ce za a yi ba, cewa ya yi ana iya yi. Irin waɗannan yaran lauyoyi ne ke wanke musu baki kafin su fito.

Chelo ta dubi injunanta. Duk abin da ta mallaka a duniya ke nan. Da ya ce so suke kawai a ji muryar talakawa irinta, sai ta ce to.

Suka zo da motoci da fitilu. Wata yarinya ta shafa mata hoda, ta gyara mata gashi, aka jera tawul fari tas a bayanta, aka kawo tukwanen furanni aka ajiye inda kwandon shara yake. Ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci. Tun safe har rana ta take tana magana: inabi, rumbun lemo, Rogelio, har rijiyar Nacha ta ba su labarinta da ƙwalla a ido. A ƙarshe suka ce ta dubi na'urar ɗaukar hoto ta ce, "Ku ce a'a ga Ƙudurin R." Ta faɗa, suka ce ta sake, ta yi ta sakewa har muryar ta fito yadda suke so. Ta sa hannu a wata takarda, suka ba ta abincin rana a kwali, suka kwashe furanninsu suka tafi. Kada wani ya ce rufe mata ido aka yi gaba ɗaya, ita kanta ba ta yarda a faɗi haka. Ta ji abin da bakinta ya faɗa. Tsoro ne ya fara kama ta, hodar nan kuma ta yi mata daɗi.

Da tallar ta fito, babu Nacha a ciki, babu rijiya. Sai Chelo tana ninke tawul tana cewa ruwa ne abincinta, in aka taɓa shi ta rufe shago, sai kuma wannan a'a ɗin. A tsakiyar ƙwallo ita ce, a tsakiyar wasan kwaikwayon yamma ita ce, a rediyo, a waya, a jikin bas, a takardun da ake cusa wa mutane a akwatin wasiƙa, har da wani ƙaton allo a bakin babbar hanya. A can ƙasa kuma, cikin ƙananan haruffa inda doka ta ce a rubuta mai biyan kuɗin talla, ga sunan kamfanin ruwan nan ɓaro-ɓaro. Kowane ɗan jihar nan ya san nan ake fara dubawa kafin a saurari talla. Chelo ma ta sani, ita ce ma mai koya wa mutane haka a kan benci. Amma ranar da fitilun suka zo shagonta, ba ta tambayi wanda ya biya su ba.

Ran Asabar Nacha ta zo. Ba ta sauke wanki ba, ba ta sauke jarkoki ba, ta tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu.

"Na gan ki, komadre. Kin yi kyau."

"Nacha, shigo ki ji yadda aka yi."

"Nawa suka ba ki?"

"Na rantse da kabarin Rogelio, ko dala ɗaya ban karɓa ba."

Nacha ta kira ta da cikakken sunanta. "Ai da ma kin karɓa, Consuelo. Da na ce wa zuciyata matsi ne ya sa ki. Ashe kyauta kika ba da mu."

Ta juya ta shiga motarta. Tun daga ranar a famfon coci take cika jarkokinta, matan La Loma kuma suka koma kai wanki garin gaba, su ƙona mai a banza don kada su taka shagon. Bencin ya rage mutane. Waɗanda suka rage kuwa ba su sauƙaƙa mata ba. Chuy mai taya sai ya leƙo da hularsa ya ce, "Tauraruwa, sa min hannu a nan mana, in nuna wa jikokina." Da can da ta bi shi da tsintsiya. Yanzu sai ta sunkuyar da kai tana goge kanta da ba ta yi datti ba.

Ta kira Colby. Ya saurare ta da ladabi, ya ce ya fahimci damuwarta, ya tuna mata takardar da ta sa wa hannu. Ta sa 'yarta ta karanto mata ƙudurin ta waya daga farko har ƙarshe, ba inda aka ambaci shagunan cikin gari, balle injin wanki. Ta ɗauki gwangwanin fenti ta je gindin allon nan na bakin hanya da niyyar shafe fuskarta, ta ɗaga kai ta ga ya fi hasumiyar coci tsawo, ta tuna da gwiwoyinta, ta dawo da fentin. Abin da ke cin ta ba allon ba ne. Maganar Nacha ce ta tsaya mata a ƙirji, ta rasa inda za ta sa kanta.

Masu cewa e ba su da ofishi, a garejin Mista Avakian suke taruwa, wani tsohon malamin sakandare da ya koyar da rabin garin. Kamfani yana zuba miliyoyi, su kuwa da kuɗin sayar da tamale, wani irin alalen masara, a ƙofar coci suke buga 'yan takardunsu. Da Chelo ta shigo, kowa ya juyo yana kallon ta.

"Doña Chelo, kin ɓata hanya ne?" in ji malamin.

"Na ɓata, shi ya sa na zo. Ku ba ni titi in bi gida-gida."

"Ki ce musu me?"

"In ce ƙarya na yi."

Wata daga cikin matan ta ja tsaki. Mista Avakian ya cire tabarau ya goge, ya ce ba shi da yawan mutanen da zai ƙi karɓar wani. Ya tura ta wata unguwa can yamma da gari, inda 'yan sa-kansa suka gama ƙorafin cewa ba mai buɗe musu ƙofa. Mutane sun gaji da masu ƙwanƙwasawa, da sun hango takarda a hannunka sai su rage sautin talabijin su yi lamo.

Ƙofar farko, wata mata ta ɗaga labule ta leƙo, sai aka ji ta ƙwala kira cikin gida, "Ku zo ku gani, mai wankin talabijin ce!" Ta buɗe, mijin ya fito, yara suka fito, maƙwabciya ta tsallako. Ƙofa ta biyu haka, ta uku haka. Da yamma da ta koma gareji ta faɗa, Mista Avakian ya fashe da dariyar da sai da ya dafa mota.

"Sun kashe dukiya sun koya wa gunduma ɗungurungum fuskarki, ga shi kin kawo mana ita a ƙafa!"

Chelo ba ta yi dariya ba, amma ta ɗauki darasin. Washegari ta fito da shuɗiyar rigar nan, ta gyara gashi yadda yarinyar ta gyara mata, ta shafa hoda, don kada wani ya yi kokwanto. Kullum da yamma ta wanke rigar ta goge, abin da bai gagari mai gidan wanki ba. Ta bar shago a hannun 'yar ƙanenta, ta shiga unguwanni da rugagen ma'aikatan gona da garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Maganarta ɗaya ce a ko'ina: "Ni ce dai. Abin da na faɗa a can ban karanta ba na faɗe shi, tsoro ne ya kama ni. Yanzu na karanta, ga shi nan. Kada ku sake yarda da ni ido rufe, ku duba da kanku, ku kuma duba wanda ya biya tallar."

Macen da a rayuwarta ba ta taɓa ce wa kowa ta yi kuskure ba, har Rogelio ya mutu yana jiran wannan kalma, ita ce take tsayawa a ƙofar baƙi tana faɗar ta daga safe zuwa yamma. Ni dai ban ga jarumtar da ta fi wannan ba a garinmu, kuma na ga mutane da yawa.

Wata Baturiya mai gonar shanu, Misis Halvorsen, ta tare ta da karnuka a bakin shinge. "To wace ce ta gaskiya, ke ko ta jikin allo?"

"Ta jikin allo ba ta da ciwon gwiwa, uwargida. Ni ina da shi. A ba ni kujera."

Matar ta kore karnuka, ta kawo kujera da ruwan lemo, ta karanta takardar tsaf. Rijiyarta ita ma ta fara ja baya. Da ta gama sai ta sa Chelo a motarta ta zagaya da ita gonakin maƙwabta, mutanen da ko Mista Avakian bai taɓa mafarkin shiga harabarsu ba.

Amma akwai ƙofofin da ta makara. A nan ana aiko wa kowa takardar zaɓensa gida tun da sauran makonni, mai so ya cika ya mayar tun kafin ranar. Don Evaristo, wani tsoho da ya yi tsinkar inabi tare da uwarta, ya karɓe ta da murna, ya saurare ta har ta gama, sai fuskarsa ta canza.

"Ai tuni na aika tawa, 'yata. Na ce in dai Chelo ta ce a'a, to a'a ne. Na san mahaifiyarki, ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

Ta yi masa sallama da kyau, ta koma mota, ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka har hodar ta wanke. Irin Don Evaristo ta gamu da su ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma kowannensu don ya yarda da ita ne ya yi abin da ya yi. Ta share fuska, ta sake shafa hoda, ta ƙwanƙwasa gida na gaba.

Labari ya kai gidan rediyon gunduma, daga nan ya kai kunnen kamfani. Wata safiya mutane suka ga ma'aikata a kan allon bakin hanya suna ɓare fuskar Chelo. A madadinta aka liƙa wani mutum da malafar manoma, wanda ba wanda ya san shi a kwarin nan. Ashe Colby ya zagaya garin yana neman wani sabon talaka, daga mai aski har mai sayar da kankana kowa ya nuna masa hanya, dole suka ɗauko ɗan wasa daga birni. Chuy ya tsaya ya ƙare wa allon kallo ya ce, "Wannan hannun nasa ko lemo bai taɓa ɓarewa ba." Ranar ya kawo wa Chelo kofi har kanta, ya ajiye ya fita.

Unguwa ɗaya ce ba ta taka ba. Duk lokacin da rabo ya faɗo kan La Loma sai ta miƙa wa wani. "Waɗannan ai e za su ce, ɓata takalmi ne." Gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. So take ta je wa Nacha da nasara a hannu, ta ajiye mata a gaba, sannan ta iya ɗaga ido ta dube ta.

Ƙidayar ta ɗauki kwanaki. Yau e ta ɗan hau, gobe a'a ta wuce ta. Ƙarshe dai a'a ta ci, da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Santa Rufina kusan kaf e ta ce, haka yankin gonakin shanu, abin da ya ba kowa mamaki. Mista Avakian ya ce da farko an yi zaton ko kusa ba za su zo ba, ya ce za a sake tara sa hannu a zaɓe mai zuwa, har ya fara rabon aiki. Chelo ba ta ji rabin abin da yake faɗa ba. Tazarar nan take gani, tana ganin Don Evaristo da ire-irensa a ciki.

Da hantsi ta rufe shago, abin da ba ta yi ba tun jana'izar Rogelio, ta kama hanyar La Loma hannu rabbana. Tsakar gidan Nacha ta bushe ƙamas, bishiyar rumman ɗinta ta zama itace. Tana zaune a baranda tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba har Chelo ta iso gindin matakala.

"Mun faɗi, Nacha. Kuma da bakina a ciki."

"Na ji a rediyo." Ta jefar da wani ɗan dutse. "An ce ba ƙofar da ba ki buga ba a gundumar nan. Har Baturiya mai karnuka kin je wa."

"Na je."

"Ni kuwa kullum da la'asar sai na share barandar nan, in fito da kujera ta biyu. Maƙwabta har sun fara cewa miji zan yi."

Chelo ta dubi kujerar, tana nan kuwa a gefe, ba kowa a kai. "So na yi in zo miki da nasara."

"To ina take?"

"Babu."

"Wa ya aike ki kawo ta? Ke dai taurin kai, tun muna rumbun lemo." Nacha ta tura kujerar da ƙafa. "Zauna kafin gwiwar nan ta kayar da ke a ƙofata, a ce ni na ture ki."

Chelo ta hau ta zauna. Nacha ta ɗora mata farantin a cinya, suka ci gaba da tsintar waken tare, ba mai kallon wani, hawaye na ɗiga a kan shuɗiyar rigar. Can sai wata maƙwabciya, ɗaya daga cikin masu kai wanki garin gaba, ta leƙo ta kan shinge ta tsaya tana kallo da baki a taɓe.

Nacha ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya yadda duk titin zai ji. "Kallon me kike yi, Remedios? Komadre ɗina ce. Ita ce ta sa kamfani ya hau sama ya sauke allonsa da hannunsa. Ke me kika taɓa saukewa ban da tukunya? In gaisuwa kika zo yi, shigo ki gaishe ta."